BABI NA UKU: TARIHIN MIƘA ƘARAMIN GADO A YANKIN ƘOFAR KABUGA, DAGA SHAIDAR MAƘWABTA ZUWA TAKARDAR RANTSUWA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar gado da rabe-raben magada. Wannan babi kuwa zai bi diddigin hanyar da dukiyar mamaci take bi kafin ta shiga hannun magadansa, musamman idan dukiyar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ake nufi da ƙaramin gado a nan shi ne irin abin da talaka yake bari: gidan ƙasa guda, ko 'yar gona, ko kayan sana'a da tufafi, a wannan zamani kuma har da 'yan kuɗi a banki ko haƙƙin fansho.

Wasu ƙasashe sun yi wa irin wannan gado doka ta musamman. A Amurka, daftarin dokar gado na bai-ɗaya da aka fitar a 1969 ya yarda magaji ya karɓi kuɗi ko kayan mamaci da takardar rantsuwa kawai, muddin an cika kwana 30 da rasuwar, kuma dukiyar ba ta wuce dala 5,000 ba. Jihar Kalifoniya ta sa kwana 40, a 2022 kuma ta ɗaga iyakar zuwa dala 184,500. A Ingila an yi dokar biyan ƙananan kuɗin mamaci a 1965, da iyakar fam 500, wadda aka mayar fam 5,000 a 1984. Manufar waɗannan dokoki ita ce kada wahalar zuwa kotu ta cinye gadon da ake nema.

Wannan babi zai nuna cewa Kano ta daɗe da tata hanyar sauƙaƙa ƙaramin gado, wato shaidar maƙwabta da mai unguwa da liman. Zai kuma nuna cewa duk lokacin da hukuma ta tsawwala kuɗi ko sharuɗɗa a ƙofar alƙali, sai jama'a su koma raba gado a soron gida, kuma mata da marayu su ne suka fi cutuwa da hakan.

3.1 Ƙofar Kabuga da Kewayenta

Ƙofar Kabuga tana yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo, kusa da Goron Dutse. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, sannan a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623) Wambai Giwa ya jagoranci aikin da ya kai ganuwar ta bi ta Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har ta haɗe da Kansakali.

Sai dai wannan faɗaɗawa ba ta cika da gidaje nan da nan ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin 30,000, ya kuma lura cewa gidaje sun taru ne a kudu maso gabas, yayin da babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Wannan na da muhimmanci ga wannan nazari, domin yana nuna cewa abin da aka fi gada a yankin Kabuga a wancan lokaci shi ne gona da gidan ƙasa, waɗanda ba su da wata takarda, kuma kowa a unguwa ya san mai su.

Har ila yau, ta wannan ƙofa ce sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga birni ranar 3 ga Fabrairu 1903, bayan sun kasa ta Dukawuya, a lokacin da Sarki Alu yake Sakkwato. Ke nan ana iya cewa mulkin takarda da rijista, wanda ya sauya yadda ake miƙa gado, ta Kabuga ya shigo Kano.

3.2 Miƙa Gado Kafin Zuwan Turawa

Tun kafin jihadi malaman Kano suna karantar da ilmin gado bisa mazhabar Malikiyya, daga littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, waɗanda suka ginu a kan ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Tsarin a bayyane yake: a fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage.

Amma abin da yake cikin littafi daban, abin da masu mulki suke yi daban. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado a cikin zaluncin da ya zargi sarakunan Haɓe da shi. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci hannun hukuma a cikin dukiyar mamaci abin tsoro ne ga talaka. Bayan da jihadi ya yi nasara a Kano a 1807, an ƙarfafa matsayin alƙali, amma al'amarin ƙasa da gidaje ya ci gaba da zama a hannun sarki da wakilansa.

A aikace, ƙaramin gado ba ya kaiwa gaban alƙali sai an sami saɓani. Bayan sadakar arba'in, ko bayan mata sun fita takaba, akan taru a soro. Mai unguwa ya san iyakar gida da gona, liman ko wani malamin unguwa ya san lissafin rabo, dattawa kuma sun san wanda mamaci ya aura da wanda ya haifa. Akan yi cigiyar masu bin bashi, akan kira dillali ya yi wa kaya kuɗi, a fitar wa mata tumunin takaba, sannan a ba kowa rabonsa. Abin da ya tsaya a matsayin takarda shi ne idon jama'a.

Rantsuwa ma tana da gurbi a wannan tsari, amma gurbi ne mai nauyi. A fiƙihun Malikiyya ana tabbatar da haƙƙin dukiya da shaidu biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Bugu da ƙari, wanda ya yi da'awar yana bin mamaci bashi, ko da ya kawo shaidu, sai an ƙara rantsar da shi cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba. Wannan ita ce yaminul ƙada'i, kuma hikimarta ita ce mamaci ba ya nan balle ya kare kansa. Bahaushe yana tsoron dafa Alƙur'ani a kan ƙarya, saboda haka rantsuwa ta zama katanga ga dukiyar marayu. Abin lura a nan shi ne, rantsuwa ƙari ce a kan shaida. Mai da'awa ba ya cin dukiya da rantsuwarsa shi kaɗai tun da farko.

Raunin wannan tsari kuwa shi ne, ya dogara da zaman lafiya da tunawar mutane. Yaƙin basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya sa mutane da dama sun bar gidajensu, wasu kuma an ƙwace nasu an ba wasu. Idan shaidu suka watse ko suka mutu, magaji ba shi da abin riƙewa.

3.3 Zamanin Turawa: Ushira da Littafin Kotu

Turawa sun naɗa Abbas sarautar Kano a 1903, suka bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashin dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906, amma bisa sa idon Razdan. Sauye-sauye uku ne suka shafi gado kai tsaye.

Na farko, an wajabta rubuta shari'o'i a littafi. Allan Christelow ya fassara wani ɓangare na littattafan majalisar shari'a ta Sarki Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci, ya buga a 1994 da sunan Thus Ruled Emir Abbas. A cikinsu akwai ƙararraki da yawa a kan gidaje da gonaki da gado, kuma suna nuna cewa hujjar da ake yanke hukunci da ita har a lokacin ita ce maganar shaidu. Wato takarda ta zo ne ta adana shaida, ba ta kore ta ba.

Na biyu, dokar ƙasa ta 1910, wadda ta biyo bayan kwamitin bincike na 1908, ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, ta bar wa jama'a haƙƙin zama da amfani. Duk da haka a cikin birni an ci gaba da gadon gidaje kamar yadda aka saba.

Na uku, kuma mafi tasiri ga talaka, shi ne batun ushira, wato kashi ɗaya cikin goma da ake cira daga gadon da alƙali ya raba. Da aka kafa Baitulmalin En'e a zamanin Sarki Abbas, aka yanka wa alƙalai albashi, sai kuɗin kotu suka koma shiga asusun hukuma. Daga nan mutuwar magidanci ta zama hanyar samun kuɗin shiga. Idan aka duba da kyau, ushira ta fi yi wa mai ƙaramin gado ciwo. Attajirin da ya bar kuɗi da haja, a cikinsu za a cire. Amma wanda ya bar gida guda kawai, magadansa ba su da tsabar da za su biya sai sun ci bashi ko sun sayar da wani abu. Saboda haka dabarar da ta rage musu ita ce a bar gidan ba a raba ba, ko a raba a ɓoye.

A ɓangaren ilmi kuwa an sami ci gaba. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga cikinta ne alƙalai da muhutai da dama na Arewa suka fito.

3.4 Hana Mata Gadon Gida da Gona, 1923-1954

Babu abin da ya fi bayyana haɗarin da raunana suke ciki kamar abin da ya faru a 1923, lokacin da Sarkin Kano Usman (1919-1926) ya hana mata gadon gidaje da gonaki. Steven Pierce, wanda ya yi nazarin wannan al'amari a maƙalarsa ta 2003 da littafinsa na 2005, ya nuna cewa dalilin da aka bayar shi ne wai matan da suka gaji gida suna ƙin zaman aure suna shiga karuwanci. Wannan hani ya yi shekara 31 yana aiki, sai a 1954 Sarki Muhammadu Sanusi (1953-1963) ya soke shi, da hujjar tausaya wa tsofaffin mata da ba su da mai kula da su.

Don a ga girman abin, bari a ɗauki misali na lissafi. A ce magidanci ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, ba shi da iyaye a raye, kuma gida guda ne dukiyarsa. Za a kasa gidan kashi 8. Matar tana da kashi 1, wato tumuni. Ragowar kashi 7 na 'ya'ya ne: kowane namiji kashi 2, kowace mace kashi 1. Ke nan mata huɗun suna da kashi 4 cikin 8, rabin gidan cur. A tsakanin 1923 da 1954 waɗannan mata ba su da damar gadon gidan, alhali shi kaɗai ne abin da aka bari. A gidan mai hali za su iya samun rabonsu a kuɗi da tufafi da dabbobi, amma a ƙaramin gado, hana mace gida daidai yake da hana ta gado ɗungurungum.

Soke hanin bai share sawunsa nan take ba. Gidan da aka bar wa maza a wancan lokaci ya ci gaba da zama a hannun zuriyarsu. Ga kuma ƙa'idar hauzi, wadda kotuna suke aiki da ita: wanda ya ga wani yana riƙe da kadararsa bai yi magana ba har shekara 10, da'awarsa ta faɗi, tsakanin dangi kuwa shekara 40. Kunya da kara sukan hana mace kai ɗan'uwanta ƙara, har lokaci ya ƙure mata.

3.5 Daga 'Yancin Kai Zuwa Dokar Ƙasa ta 1978

A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Jihar Arewa, aka ba ta hurumin sauraren ƙararrakin aure da gado da wasiyya da waƙafi na Musulmi. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, dokar soja ta karɓe kotuna daga hannun En'e, ta rushe kotun sarki, ta kafa kotunan yanki waɗanda suka fara aiki a 1968. Tsarin mulki na 1979 da na 1999 sun tabbatar da hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a kan gado, sannan a 2000 Jihar Kano ta mayar da kotunan yanki kotunan Shari'a.

A daidai wannan lokaci yankin Kabuga ya sauya kama. Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977, ta zauna kusa da ƙofofin Kabuga da Dukawuya, gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje da shaguna. Gonar da a da ake bar wa babban wa ya noma don ba ta kai a yi rigima a kanta ba, sai ta zama dukiya mai tsada. Jikoki suka fara tambayar rabon iyayensu mata, a lokacin da dattawan da suka san asalin abin sun riga mu gidan gaskiya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙara wani mataki. Ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ta yarda haƙƙin zama ya koma ga magada bisa dokar da ta shafi mamaci, amma sashe na 24 ya hana a karkasa filin da ke da haƙƙin zama na gwamnatin jiha ba tare da amincewar Gwamna ba. Ma'ana, alƙali zai iya raba gado, amma sauya suna a takardar shaidar mallaka aikin ofishin ƙasa ne, da nasa kuɗin da nasa jiran.

3.6 Matsayin Takardar Rantsuwa

Takardar rantsuwa, wadda jama'a suke kira afidabit, ta samo gindin zama daga dokar rantsuwa ta 1963. Mutum yakan je rijistarar kotu, a buga abin da ya faɗa, ya sa hannu a gaban kwamishinan rantsuwa, a buga hatimi. Buƙatarta a harkar gado ta ƙaru ne saboda dukiyar talaka ta koma hannun baƙi. Banki da ofishin fansho ba su san mamaci ba, ba su san mai unguwarsa ba, saboda haka takarda suke nema. Dokar rijistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ta ɗora wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa bayar da shaidar mutuwa, dokokin fansho na 2004 da 2014 kuma suka sa haƙƙin ma'aikacin da ya rasu ya koma hannun kamfanonin fansho.

Wajibi ne a bambance tsakanin wannan takarda da irin ta Amurka. A can doka ce ta ba takardar ƙarfin sa a saki dukiya. A Kano kuwa afidabit tana bayyana cewa wane ya rasu, ko wane ɗansa ne, ko sunan nan biyu na mutum ɗaya ne, amma ba ta mallaka wa kowa gida ko kuɗi. Abin da yake sa a saki dukiya shi ne umarnin kotu, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun Jiha. Haka nan wanda ma'aikaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa bai zama magaji shi kaɗai ba, wakili ne kurum da za a tuntuɓa. Jihar Legas ta yi dokar sauƙaƙa ƙaramin gado a 2005, da iyakar naira 100,000, adadin da faɗuwar darajar naira ta mayar ba a bakin komai ba.

Matsala biyu ce ta fito daga wannan yanayi. Ta farko, idan kuɗin da ke banki kaɗan ne, kuɗin mota da na takardu da ranakun da za a ɓata suna iya fin su, sai magada su haƙura. Ta biyu, afidabit magana ce ta mutum ɗaya, a gaban jami'in da bai san shi ba. Kundin Final Kod na 1960 ya tanadi hukunci ga mai shaidar zur, amma hukunci yana zuwa ne bayan an ci dukiya. Wanda ya rantse cewa mamaci ya bar 'ya'ya huɗu alhali bakwai ne, ba zai iya faɗin haka a soro a gaban liman da maƙwabta ba. Wannan ne ya sa kotuna sukan nemi a kawo shaidu da takardar mai unguwa kafin su tabbatar da jerin magada, wato sun koma ga tsohon tsari ta wata ƙofar.

3.7 Naɗewa

Wannan babi ya bi tarihin miƙa ƙaramin gado a yankin Ƙofar Kabuga tun daga lokacin da yake gonaki a cikin ganuwa har zuwa zamanin banki da fansho. An ga cewa tsohon tsari yana da sauƙi da arha, amma yana rushewa idan shaidu suka gushe. An ga cewa ushira ta kori talaka daga kotu, hanin 1923 ya raba mata da gidajen iyayensu har 1954, dokar 1978 kuma ta ƙara ofis a kan kotu. Takardar rantsuwa ta adana magana a rubuce, amma ta rasa idon jama'a da ke sa mai magana ya ji nauyi.

Bisa wannan, ra'ayin mai wannan nazari shi ne Jihar Kano tana buƙatar gajeriyar hanya ta doka ga ƙaramin gado: takarda guda mai ɗauke da sunayen dukkan magada maza da mata da rabon kowa, wadda shaidu biyu da mai unguwa za su sa wa hannu a gaban alƙali, a kan kuɗi kaɗan tsayayye, kuma banki da ofishin fansho su karɓe ta. Ya kamata a riƙa sake duba iyakar kuɗin lokaci lokaci, don kada ta tsufa kamar ta Legas. Babi na gaba zai duba yadda ake ƙiyasta kuɗin gida da yadda magada suke sayen rabon junansu idan gidan ba ya rabuwa.